Rubutu a Matsayin Ibada: Me Ya Sa Wasu Kiristoci Suka Ƙi Ajiye Alƙalami?

Yau Littafi Mai Tsarki yana cikin wayar duk Kiristan da ya so ya sauke shi, da Hausa da Turanci da wasu harsuna barkatai. Wanda ya ga dama kuma yana iya sa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta tsara masa addu'a ko wa'azi, kafin ya kurɓi shayi sau biyu ta gama. Wannan ya sa wata tsohuwar tambaya ta sake dawowa bakin mutane: tun da na'ura za ta yi, mene ne amfanin mutum ya zauna da biro da takarda yana kwafar Zabura, ko yana rubuta abin da ke ransa, wai shi ibada yake yi? Wasu na ganin ɓata lokaci ne. Wasu na yi masa kallon laya da aka sauya wa suna. Akwai kuma masu cewa duk wanda ya rubuta abin da ke tsakaninsa da Ubangijinsa, to so yake wata rana a karanta a yaba masa.

Kowane ɗaya daga cikin zarge-zargen nan yana da ƙamshin gaskiya, kuma malaman Kirista da kansu sun riga kowa yin su tun ƙarnoni da suka wuce. Amma kafin a kai can, sai an san abin da ake magana a kai.

Wane rubutu ake nufi?

Rubutun asali na littattafan da Kiristoci suka yi imani hurarru ne, wannan babi ne daban. Haka littattafan bayanin aƙida da malamai ke wallafawa. Abin da ke gabanmu iri biyu ne. Na farko shi ne kwafa: mutum ya ɗauki nassi mai tsarki ya sake rubuta shi da hannunsa, kalma bayan kalma. Na biyu shi ne rubutun binciken zuciya: mutum ya riƙa rubuta kurakuransa da addu'o'insa da halin da ransa ke ciki, ko dai don kansa ko don malamin da ke yi masa jagora.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga nau'i na farko. Alaramman da ya zauna da alƙalamin kara da tawada ya rubuta Alƙur'ani da ka, a Kano ko Maiduguri, ba wanda ke tambayarsa me ya sa ya wahalar da kansa alhali ga na ɗab'i a kasuwa. Na biyun kuma ya yi kusa da abin da malaman Musulunci ke kira muhasaba, wato yi wa kai hisabi. Aƙidun sun bambanta, amma yanayin aikin ya yi kama, kuma wannan kamar za ta sauƙaƙa fahimta.

Inda al'adar ta fi kafuwa shi ne gidajen zuhudu. 'Yan zuhudu maza ne ko mata da suka bar aure da mallakar dukiya, suka tare wuri guda ƙarƙashin doka da shugaba, rayuwarsu addu'a da aiki. Abin ya faro ne daga hamadar Masar a ƙarni na 3 da na 4, ya bazu cikin ɗarikar Katolika da majami'un Otodoks. Ko a Najeriya akwai irin gidajen, kamar na Ewu a jihar Edo da na Awhum a jihar Enugu.

Yatsu uku ke rubutu, jiki duka ke shan wahala

Tun dokar Fakomiyus, wanda ya tsara zaman zuhudu na tarayya a kudancin Masar a ƙarni na 4, an wajabta wa duk wanda ya shigo bai iya karatu ba a koya masa, ko yana so ko ba ya so. A ƙarni na 6 Benedikt ya rubuta tasa dokar a Italiya, inda ya ce zaman banza abokin gabar rai ne, ya raba yini tsakanin addu'a da aikin hannu da karatu mai tsarki. Akwai wani ɗan abu a dokar da ke nuna matsayin rubutu a wurinsa: an hana ɗan zuhudu mallakar komai, har da allon rubutu da tsinken rubutu, amma an umarci shugaban gida ya ba kowa su. Kayan aikin na gida ne, kai dai hannunka ake aro.

Karatu yana bukatar littafi, littafi kuma a lokacin sai an rubuta da hannu. Wanda ya fito fili ya ɗaukaka wannan aiki shi ne Kasiyodorus, tsohon babban jami'i a fadar Sarki Tiyodorik, wanda ya yi ritaya ya kafa gidan zuhudu mai suna Vivarium a kudancin Italiya wajen tsakiyar ƙarni na 6. Ya ce cikin duk ayyukan hannu babu wanda ya fi burge shi kamar na mai kwafa, domin yaƙi ne da Shaiɗan da alƙalami da tawada, kuma kowace kalmar Ubangiji da aka kwafa rauni ce a jikin Shaiɗan.

Kada a ɗauka aikin zaman inuwa ne. A kan fata ake rubutun. Sai an jiƙa fatar ɗan maraƙi ko tunkiya ko akuya, a kankare gashin, a miƙar da ita jikin katako ta bushe, a goge, a yanka, a ja layuka, sannan a feƙe gashin tsuntsu ya zama alƙalami. Wani cikakken Littafi Mai Tsarki na Latin da 'yan zuhudun arewacin Ingila suka kammala kafin shekarar 716, wanda yanzu yake birnin Florence, ya ci fatun 'yan maruƙa sama da 500, nauyinsa ya haura kilo 30. Ka auna garke nawa ke nan. Masu kwafar kan bar ƙorafinsu a ƙarshen littafi: sanyi, ciwon baya, raunin ido, tawada marar kyau. Wanda ya fi yawo a cikin irin waɗannan kalamai shi ne cewa yatsu uku ke rubutu amma jiki duka ke shan wahala, kuma sau da yawa sukan rufe da roƙon mai karatu ya sa su a addu'a.

To ina ibadar take? Wahalar kanta ana ɗaukarta horon jiki da tuba. Sannan akwai wa'azi: 'yan zuhudun Chartreuse na Faransa, waɗanda kusan ba sa magana, sun rubuta a dokarsu wajen shekarar 1127 cewa tun da ba za su iya shelar maganar Allah da baki ba, za su yi da hannu. Amma a ganina dalilin da ya fi nauyi shi ne jinkiri. Ido yana tsallake layi, hannu ba ya iyawa. Mai kwafa dole ya kalli jimla, ya riƙe ta a ka, ya motsa leɓe da ita, sannan ya sauke ta harafi-harafi. 'Yan zuhudu suna kwatanta irin wannan bimbini da tuƙar saniya, wadda ke dawo da abin da ta haɗiye ta sake taunawa a natse. Duk wanda ya taɓa wanke allo ya sake rubutawa ya san yadda hannu ke taya ƙwaƙwalwa riƙo.

Akwai wani labari da Orderic Vitalis, ɗan zuhudu marubucin tarihi na ƙarni na 12, ya kawo. Wai wani ɗan zuhudu ne mai yawan karya doka, amma ya kwafi wani ƙaton littafi mai tsarki. Da ya mutu aka zo hisabi, shaiɗanu suna ƙirga zunubansa, mala'iku suna ƙirga haruffan da ya rubuta, ɗaya bayan ɗaya, har haruffan suka rinjaya da guda ɗaya tak, aka mayar da shi duniya ya gyara halinsa. Labari ne na ƙarfafa wa matasan marubuta gwiwa, amma a riƙe shi, domin irin wannan lissafin ne daga baya ya zama abin jayayya.

A Afirka, Habasha ce ta fi riƙe wannan al'ada. A gidan zuhudu na Abba Garima kusa da Adwa a yankin Tigray akwai Linjila da tsohon harshen Habasha na Ge'ez wadda gwajin kimiyya ya sa shekarunta tsakanin ƙarni na 4 da na 7, tana cikin mafiya tsufa masu zane a duniya. Masu gidan sun gaji labarin cewa waliyyi Abba Garima da kansa ya kwafe ta ne a yini guda, Allah ya tsayar masa da rana har ya gama. Har gobe akwai masu rubuta littattafan addu'a a kan fatar akuya a ƙasar.

Da injin ɗab'i ya zo

Tambayar da ake yi yau game da waya, an yi ta game da injin Gutenberg, wanda ya buga Littafi Mai Tsarki wajen 1455. A 1492 wani shugaban gidan zuhudu a Jamus, Johannes Trithemius, ya rubuta ɗan littafi yana kare masu kwafa. Hujjarsa biyu: fata za ta kai shekara dubu, takardar ɗab'i da kyar ta wuce ɗari biyu, kuma abin da mutum ya rubuta da hannu ya fi zama a zuciyarsa. Bayan shekara biyu sai ya kai littafin maɗaba'a aka buga, don ya isa ga jama'a. Ana yawan yi masa dariya a kan haka, ni kuwa ban ga tufka da warwara ba. Yaɗa littafi aikin inji ne, kuma ya san haka. Abin da yake tsoron rasawa shi ne abin da kwafa ke yi wa mai kwafar.

A zamaninmu ma an gwada. A 1998 'yan zuhudun Benedikt na Saint John's a jihar Minnesota ta Amurka suka ba Donald Jackson, gwanin rubutun hannu ɗan Birtaniya, aikin rubuta Littafi Mai Tsarki dukansa a kan fata da gashin tsuntsu. Shi da tawagarsa sun fara rubutu a 2000, aka sa kalmar ƙarshe, Amin, a 2011. Mujalladi bakwai, shafuka sama da 1,100. Da kwamfuta aka tsara inda kowane layi zai fara da inda zai ƙare, hannu ya yi sauran. Idan marubuci ya tsallake layi, ba a yar da shafin: sai a rubuta layin a ƙasa, a zana ɗan tsuntsu yana jawo shi da igiya zuwa gurbinsa.

Takarda a madadin idon jama'a

Nau'i na biyu shi ma daga Masar ya fito. Atanasiyus, bishop na Iskandariya, ya rubuta tarihin Antoni, wanda ake kira uban 'yan zuhudu, jim kaɗan bayan rasuwarsa a 356. A ciki ya kawo shawarar da Antoni ke ba almajiransa: kowa ya riƙa rubuta ayyukansa da motsin zuciyarsa kamar zai karanta wa 'yan'uwansa. Dalilin mai sauƙi ne. Mutum ba ya aikata abin kunya a gaban jama'a, amma ɗan zuhudun hamada na zamanin Antoni sau da yawa shi kaɗai ne a kogo, ba mai ganinsa. To bari takarda ta tsaya a madadin idon 'yan'uwa, kunyar rubuta abu ta hana shi tunaninsa. Bahaushe ya ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. Antoni ya nemo idon da ba a sabawa da shi, domin abin da ka rubuta jiya yana nan yana kallonka yau.

Agustin, ɗan garin da yanzu ake kira Souk Ahras a Aljeriya, ya kai abin wani mataki. Wajen shekarar 397, yana bishop na Hippo, ya fara rubuta labarin rayuwarsa, kuma tun daga farko har ƙarshe da Allah yake magana kai tsaye, mai karatu ɗan sauraro ne daga gefe. Ya ɓata shafuka a kan satar 'ya'yan itace da ya yi da abokansa yana ɗan shekara 16, yana tambayar kansa me ya kai shi, tun da ba yunwa yake ji ba, aladu ma suka zubar wa.

Wanda ya mayar da abin tsari kuwa shi ne Ignatiyus na Loyola, wanda ya kafa ƙungiyar Jesuit, sunan da makarantar Loyola Jesuit ta Abuja ta ɗauka. Soja ne ɗan Sifaniya da harsashin igwa ya karya wa ƙafa a Pamplona a 1521. Yana jinya ya samu littafin rubutu mai kusan shafi 300 yana kwafar abin da ya taɓa shi, kalmomin Almasihu da jar tawada, na Maryamu da shuɗiya. Daga baya ya koya wa mabiyansa wata dabara: ka zaɓi aibi guda da kake son rabuwa da shi, ka ja layuka, da rana da dare ka ɗiga ɗigo ɗaya duk sa'ad da ka faɗa cikinsa, sannan ka kwatanta yau da jiya, wannan mako da wancan. Kamar littafin bashin mai shago. A ɓangaren Furotesta, John Wesley, wanda ya assasa ɗarikar Methodist, ya riƙe irin wannan kundi tun yana Oxford har tsufansa, wani sashe da rubutun sirri don kada a gane.

Waɗanda aka sa dole

Abin da masu zargin neman suna ba su cika sani ba shi ne da yawa daga cikin shahararrun rubuce-rubucen irin wannan umarni aka bayar aka yi su. Teresa ta Avila, 'yar zuhudun Sifaniya da ta rasu a 1582, malamanta ne suka sa ta rubuta abin da take gani a addu'a, don su tantance ko daga Allah ne ko ruɗi. Ta yi ƙorafin cewa rubutun yana hana ta kaɗi, ga gidan da talauci. Kotun binciken aƙida ta coci ta riƙe rubutun shekaru. Ga mace a wancan zamani, alƙalami kasada ne.

Teresa ta Lisieux a Faransa ta rubuta tarihin ƙuruciyarta a littafin 'yan makaranta a 1895, bisa umarnin shugabar gidan, wadda yayarta ce uwa ɗaya uba ɗaya. Tarin fuka ya kashe ta a 1897 tana da shekara 24. Bayan shekara guda aka buga rubutun, amma sai da yayar ta yi masa gyare-gyare dubbai, kuma sai a 1956 duniya ta ga ainihin abin da ta rubuta. Wani marubuci kuma, Thomas Merton, ya shiga gidan zuhudu a jihar Kentucky ta Amurka a 1941 da niyyar binne marubucin da ke cikinsa, shugabansa ya ce a'a, ci gaba. Littafin tarihinsa na 1948 ya sayu ɗaruruwan dubbai, mutumin da ya gudu neman shiru ya wayi gari wasiƙu sun yi masa yawa. A 1962 shugabannin nasa suka hana shi wallafa komai kan yaƙi da makaman nukiliya. Bakin da ya ce rubuta, shi ya ce dakata.

Rigimar wasiƙun Mother Teresa

Babu inda matsalar ta fito fili kamar a 2007, shekara goma bayan rasuwar Mother Teresa, 'yar zuhudun da ta yi suna wajen hidimar talakawa a Kalkata ta Indiya, lokacin da limamin da ke jagorantar neman ayyana ta waliyyiya ya wallafa wasiƙun da ta rubuta wa malamanta. Matar da duniya ta sani da murmushi, ashe ta kwashe kusan shekara 50 tana jin duhu a ranta, tana addu'a ba ta jin kusancin Allah. Masu suka, irin su ɗan jarida Christopher Hitchens, suka ce ai ga shi, imanin ya daɗe da tafiya. Malaman Katolika suka ce wannan hali sananne ne, Yohanna na Gicciye, wani malamin zuhudu ɗan Sifaniya, ya bayyana shi tun ƙarni na 16 a matsayin duhun dare da rai ke ratsawa, kuma ci gaba da hidima cikin wannan duhu shi ne imanin. An ayyana ta waliyyiya a 2016.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne batun sirri. A ɗarikar Katolika, abin da mutum ya furta wa fada, wato limamin coci, a ikirarin zunubi haramun ne a bayyana shi ko da za a kashe fadan. Wasiƙar neman shawara ba ta shiga wannan hukunci ba, kuma idan aka buɗe binciken waliyyantaka ana tattara duk rubutun mutum. Ta fuskar doka ke nan. Ta fuskar amana kuwa, ta roƙi a lalata wasiƙun, aka ƙi. Masu kare wallafar suna cewa mutane da yawa da ke fama da irin wannan bushewar zuciya sun samu sauƙi da suka ji ba su kaɗai ba ne. Hujja ce mai ƙarfi, amma ban gamsu ta share roƙon mai wasiƙun ba.

Masu ja daga cikin gida

A 1683 Armand de Rancé, mai gyaran gidan zuhudu na La Trappe a Faransa, ya ce aikin ɗan zuhudu kuka ne kan zunubi da aikin gona, yawan littafi girman kai yake haifarwa. Jean Mabillon, ɗan zuhudu masani, ya mayar masa da martani a 1691 cewa jahilci bai taɓa tsare kowa daga girman kai ba. Furotesta kuma sun ƙi lissafin haruffa irin na labarin Orderic, domin a aƙidarsu ceto alheri ne ta wurin bangaskiya, ba a sayensa da yawan aiki. Shi ya sa kundin Furotesta ya fi karkata ga ƙirga alherin da Allah ya yi wa mutum da bincikar sahihancin tubarsa.

Sai haɗarin waswasi. Ignatiyus kansa ya kwashe kwana uku yana rubuta zunubansa na rayuwa kafin ya furta su a gidan zuhudu na Montserrat a 1522, amma bayan haka ya shiga tunanin ko ya manta wani, har abin ya kusa kai shi ga hallaka kansa. Mai yawan tuhumar kai, littafin ɗige-ɗige na iya zame masa bulala.

Batun laya ma ba ƙage ba ne. A Habasha akwai masu rubuta dogayen naɗaɗɗun fatu na kariya da ake ratayawa, abin da hukumomin coci suka daɗe suna ƙyama. A nan gida, a daren shiga sabuwar shekara wasu majami'u kan sa mutane su rubuta bukatunsu, ana kafa hujja da Habakuk 2:2 inda aka ce a rubuta wahayin. Wasu fastoci na ɗaukar takardar abin tuni kawai, wasu masu ibada kuwa suna riƙe ta kamar ita ce mai ƙarfin. Ayar dai umarni ce ga annabi kan saƙon da aka ba shi, ba ta ambaci jerin bukatun shekara ba.

Me ya shafi mai zuwa coci ran Lahadi?

Babu wata babbar ɗarika da ta wajabta wannan rubutu, kuma wanda bai iya karatu ba bai rasa komai na addininsa ba. Antoni da ya ba da shawarar, Atanasiyus ya ce bai yi makaranta ba, haddace nassi yake yi da ji. Tsohuwar da ke rera waƙoƙin Hausa da ka a zumuntar mata tana yin irin tuƙar da masu kwafa ke yi.

Ga wanda ya iya, kayan aikin littafi ne mai arha da biro. Matar da ke rubuta wa'azi a Jos ko Kafanchan, da saurayin da ke kwafar aya guda kowace safiya daga Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara buga cikakkensa a 1932, suna kan tsohuwar hanya ko ba su san sunan Kasiyodorus ba. Game da ƙirƙirarriyar basira, a raba aiki biyu. Sanarwar coci ko jadawalin taro, na'ura ta yi, ba asara. Amma a tsarin Antoni maganin yana cikin kunyar da mai rubutu ke ji lokacin da hannunsa ke sauke abin da ya aikata, kuma na'ura ba za ta ji wa kowa kunya ba.

Saura wurin ajiya. Wanda ya rubuta sirrinsa a manhajar waya ya sani cewa sau da yawa rubutun yana zaune ne a rumbun wani kamfani, wayar kuma tana iya ɓata ko ta faɗa hannun yara. Na takarda ma magada za su buɗe akwati wata rana. Ignatiyus bai bar wa na baya komai daga kundin addu'arsa ba sai ɗan sashe na 1544 zuwa 1545. Wesley ya ɓoye nasa da rubutun sirri, masana suka zo daga baya suka warware. Mother Teresa ta faɗi abin da take so a yi da nata ba sau ɗaya ba, yau kuma ana sayar da su a shagunan littattafai.